Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Zanen Hoton Iyali a Ungogo

Hoton iyali da ake ratayewa a falo shaida ne a kan masu gida, kuma duk abin da aka sa a cikinsa yana da abin da yake faɗa. Saboda haka mai zane, da fenti yake aiki ko da kwamfuta, ya fara tambayar asalin gidan da sana'arsa kafin a yi cinikin firam.

Wannan ilimi tsoho ne. A zanen da Jan van Eyck ya yi wa Arnolfini da matarsa a 1434, masana da dama suna fassara ɗan karen da ke gaban ma'auratan da riƙon amana. A Bamako kuwa, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948, yakan tanadi rediyo da agogo da babur ga mai son nuna wayewa.

Ƙasar Kano ma tana da alamominta, kowace da mai ita. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, wanda ya taɓa kallon Hawan Fanisau ya san haka, kuma ɗora shi a kan wanda bai gada ba jawo masa surutu ne. Haka tagwayen masu da takalmin gashin jimina, da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa. Malami ya isa da buzu da allo da gafaka, manomi da garma da rumbu da damman gero. Abin takaici ne a goge dangar kara da bishiyar ɗorawa daga bayan dattijon Rangaza a liƙa masa benen Dubai, alhali filaye suna ta cinye gonaki, gobe jikokinsa gonar za su nema a hoton.

Wajen jera mutane, abin nema shi ne kamala. Maigida ya zauna a tsakiya, uwargida a damansa, kuma kada haske ko adon kaya ya fifita wata mata a kan abokiyar zamanta. Ɗan fari ya fi dacewa kusa da kakarsa saboda alkunya, suruki kuma ba a haɗa kafaɗarsa da ta surukinsa. Tsagar gado da furfura da launin fata a bar su yadda suke.

Akwai gidajen da ba sa rataye hoton mai rai saboda addini. Su sai a rubuta musu sunayen zuriya, a kewaye da zayyana.