Ledar Cefane Tana Komowa Gonarmu

Tun zamanin kakanni, manoman Bacirawa da sauran ƙauyukan kewayen Kano sukan ɗauko taki daga jujin birni a kan jakuna, su zuba a gona da rani. Albarkacinsa ne gona ɗaya take ba da gero da dawa kowace shekara ba hutu. Amma yau a tona takin nan a gani, duk leda ce a ciki.

Daga ina take fitowa? Daga cefanenmu. Tumatir a leda, manja a leda, har ɗan gishiri ma a leda. Ga shi ba ta ruɓewa. Tana hana ruwa ratsa ƙasa, akuya kuwa in ta haɗiye ta, sai ta yi ta ramewa har ta mutu.

Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya a 2017. Nijar ma ta kafa doka a 2014, amma har yanzu leda ba ta bar kasuwar Maraɗi ba. Ashe doka kaɗai ba ta isa.

Saboda haka 'yan'uwa, ranar kasuwa mu ɗauki kwando da kwano da kwalba. In an miƙo leda, mu ce mun gode.