Sabon Ƙira Ko Kwaikwayo: Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Sara

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanonin Ethicon da Covidien a kan siffar wani almakashin tiyata, inda ta ce takardun mallakar ƙirar na Ethicon suna nan daram, amma almakashin Covidien bai yi kama da nasu ba, balle a kira shi kwaikwayo.

Wani zai ce ina ruwan Zangon Kumasi da rigimar Turawa? Da ruwanmu, domin irin waɗannan kaya da ake ƙerawa a Sialkot ta Pakistan da Tuttlingen ta Jamus, ta hannun 'yan kasuwa suke isa asibitoci.

Dokar Gana mai lamba 657 ta shekarar 2003 tana ba mai ƙirƙira kariyar shekara 20, bisa sharaɗin abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ko'ina a duniya ba. Saboda haka babu mai zuwa yau ya ce shi ya ƙirƙiro aska da ƙahon wanzamai, tunda kaka da kakanni sun riga shi. Haka kuma maƙerin Suame da ya gyara wani ƙarfe ya baza shi kasuwa bai yi rajista a kan lokaci ba, to ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Abin lura shi ne, takardar mallaka tana da iyaka kamar ƙasa. Gana tana cikin ƙungiyar ARIPO mai hedkwata a Harare. Togo, Burkina Faso, Nijar da Kwaddibuwa suna OAPI da ke Yawunde, Nijeriya kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Ke nan kayan da ba su da matsala a Lome suna iya jawo shari'a da zarar sun ƙetaro Aflao, jarin mutum ya maƙale a kotu.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da su riƙa neman rasit da shaidar izinin mai ƙira kafin su sari kayan asibiti, maƙera kuma su yi rajista kafin talla. Shugabannin Zango su ma su wayar da kan jama'a, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa mu dace.