Ladabin Ma'aikacin Kwamfuta a Asibiti: Ɓangare ne na Jinya

A da, tarihin majinyaci yana cikin kati da fayil a ɗakin ajiya. A yau manyan asibitoci da dama sun mayar da shi cikin kwamfuta, wanda hakan ya kawo sabon ma'aikaci tsakanin likita da mara lafiya, wato jami'in fasahar sadarwa. Ba ya rubuta magani, ba ya yin allura, amma idan na'ura ta tsaya, likita ba zai ga sakamakon gwaji ba, mai ba da magani kuma sai ya naɗe hannu. Wannan maƙala na da ra'ayin cewa ladabin wannan jami'i ɓangare ne na jinya kanta.

A nazarinsa kan mutumin kirki, wanda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa ɗabi'un da Bahaushe ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Biyu daga cikinsu sun isa hujja a nan.

Ta farko ita ce kunya. A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da ta shekara ashirin a bakin aiki, ta manta lambar sirrinta, ta kira matashin da bai wuce sa'ar ɗanta ba. Idan ya ce mata, "Hajiya, sannu da aiki, bari mu duba tare," gobe ma za ta kira shi. Idan kuwa ya yi tsaki ya ce, "Sau nawa zan nuna miki?" to kunya za ta rufe mata baki. Daga nan sai ta ari lambar abokiyar aikinta, ko ta rubuta bayani a takarda da niyyar shigarwa daga baya. Kuskuren da zai biyo baya a kan majinyaci zai sauka.

Ta biyu ita ce amana. Mai gyaran na'ura yana iya ganin sunan wanda ke ɗauke da cutar da ya ɓoye wa danginsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta tsare irin wannan sirri a Nijeriya, amma doka ba ta zama a gaban allo tare da shi. Abin da ke kawar masa da ido shi ne tarbiyyar rufin asiri.

Akwai masu ganin cewa ƙwarewa ce kaɗai abin nema, tunda gaisuwa ba ta tayar da na'ura. Gaskiya ne ladabi ba ya maye gurbin iya aiki. Sai dai gwani ba ya gyara matsalar da aka ji nauyin faɗa masa.

Saboda haka akwai aiki a gaban manazarta Hausa. An daɗe ana ƙoƙarin ƙirƙiro kalmomin fasaha, amma hakan bai wadatar ba. Ana buƙatar nazarin yadda ake magana a ɗakin kati da wurin biyan kuɗi: yadda ake gaisawa, da yadda ake shaida wa tsohon da ya taso daga ƙauye tun asuba cewa sabis ya ɗauke, ba tare da an zubar masa da mutunci ba. Daga irin wannan nazari ne za a samar da darussan horar da waɗannan jami'ai cikin harshen da majinyata ke ji.