Kafin a ce aljanu ne

A Yankara da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, yaron da ya daɗe bai yi magana ba, yana ihu yana buga kai, sai a ce aljanu ne. Wa ke tambayar me ya ci? Yara masu galahanga, larurar da kan zo da irin waɗannan alamu, sun fi saura fama da ciwon ciki, ga shi ba bakin faɗa. Wani nono ke sa shi zawo, wani gyaɗa ke fito masa da ƙuraje. Janye abincin ba ya warkar da galahanga, raɗaɗi yake ragewa. Amma inda tamowa ke cin yara, yanke abinci da ka ganganci ne. Iyaye, ku kai su asibitin Funtuwa likita ya duba.