Wuyan keke da doguwar hanya

Daga Yamai zuwa Damagaram, bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, akwai kilomita kusan 900. Mai keken da ya ɗaura niyyar wannan tafiya, ko ma wani yanki nata kamar Maraɗi zuwa Damagaram, yakan duba taya, ya duba sarƙa, ya sayi faci da pompo. Da wuya ya tsaya ya dubi guntun ƙarfen nan da ke haɗa gido da fursh, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba. Masu gyara suna ce ma wannan guntu potansi, wasu kuma wuyan keke. Alhali kuwa taya in ta fashe, sauka ake yi a liƙe. Sarƙa in ta tsinke, a tura keke har gari na gaba. Wuya ne in ya karye ana cikin gudu, gido ya rage a hannu, keke ya yi nasa waje, fuska ta riga ƙafa isa ƙasa.

Wuya iri biyu ne. Na dauri shi ne mai shiga cikin bututun fursh. Wani dogon bulo ne ke ratsa shi, ya jawo ɗan guntun ƙarfe mai karkataccen baki da ke can ƙasa, wannan guntu ya tokare cikin bututu, wuya ya tsaya. Na zamani, wanda ya fara yaɗuwa a farkon shekarun 1990, ba ya shiga ciki: rungumar bututun yake yi daga waje, a matse shi da bulo biyu, kuma awonsa da aka fi samu milimeta 28,6 ne.

A irin na dauri ne ake yawan yin ganganci. Awon da duniya ta fi amfani da shi milimeta 22,2 ne, amma tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot da Motobécane da Gitane, waɗanda har yanzu ana cin karo da su cikin kayan okaziyo, nasu 22,0 ne. Ido ba ya ganin wannan bambanci, ƙarfe kuwa yana jin sa. Wuya mai 22,2 ba ya shiga fursh ɗin Faransa sai an rage shi a hankali da takardar guga, ko'ina daidai. Wanda ya kora shi da guduma ya ɓata fursh. Wuya mai 22,0 kuma cikin bututu mai 22,2 lilo yake yi, sai mai gyara ya yanko gwangwanin tumatir ya cusa. Wannan dabara tana kai ma'aikaci daga gida zuwa biro shekara guda lafiya lau. Ba ita za a dogara da ita ba a kan hanyar laterit mai kunya-kunya, inda keke ke kaɗuwa tun hantsi har la'asar. Haka nan bakin da ke riƙe gido: akwai 25,4, akwai 26,0, akwai 31,8. Wanda ya buɗa bakin alminiyon da tsinin ƙarfe don gido mai kauri ya shiga, ya riga ya fara tsaga shi, ko da tsagar ba ta nuna ba tukuna.

Sai maganar layi. A jikin wuya mai shiga ciki akwai zane da maƙeri ya yi, wajen santimeta 6 da rabi daga ƙasa, kuma dole wannan zane ya ɓuya cikin bututu. Dogon mutum da baya ke yi ma ciwo sai ya jawo wuya sama har layin ya fito fili. Abin da bai sani ba shi ne saman bututun fursh nan ne aka yanka zaren da ake murɗa goro, nan ƙarfen ya fi siranta. In guntun nan mai tokarewa ya hau wurin, shi ne zai yi ta tura bangon har ya tsage. Mai son gido ya tashi, ya sayi wuya mai dogon jiki, kuɗinsa bai kai na ɗinki a likita ba.

Tashin gido kuwa abin so ne ga matafiyi. Ɗan tsere yana duƙawa don ya yanka iska na ƴan awoyi. Wanda zai wuni bisa sirdi kwana da kwanaki, gara gido ya yi daidai da tsayin sirdi ko ya ɗan fi. In wuya ya cika tsawo zuwa gaba, nauyin jiki kan tafin hannu yake sauka, ya danne jijiya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu. Wannan ne ya sa wasu ke sha'awar wuya mai gaɓa, wanda ake ɗagawa a sauke. Yana da amfani wajen gano tsayin da ya dace da mutum, amma gaɓar nan wani bulo ne da ya ƙaru, kuma girgizar hanya ba abin da take nema sai bulo. In an gane awon, sai a koma ma wuya guda marar gaɓa.

Tsakanin baƙin ƙarfe da alminiyon, kowanne da halinsa. Baƙin ƙarfe ya fi nauyi, sai dai yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma mai walda na samuwa a Tasawa kamar yadda yake samuwa a Ƙonni. Shi ya sa kekunan Sin masu birkin sanda, irin Phoenix da Flying Pigeon, waɗanda gido da wuya a haɗe suke, suka daɗe suna ɗaukar buhu. Alminiyon da aka ƙera da matsi yana da ƙarfi ƙwarai, wanda aka narka aka zuba cikin zubi bai kai shi ba, kuma duka biyun in sun gaji ba sa sallama. Ƙarar ƙiƙi-ƙiƙi da ke fitowa daga gido in an taka da ƙarfi, ita ce kaɗai sanarwar da ake samu: a goge wuya da tsumma, a dubi kewayen bulo cikin rana, in an ga zane siriri kamar gashi, a jefar da shi. Ɗan kasuwa mai rataya bido biyu na ruwa ko na mai a gido yana gaggauta wannan gajiya. Wurin kaya yana baya.

Kafin a saka wuya a shafa masa girisi, don zufa na gangarawa cikin bututu, alminiyon da baƙin ƙarfe su manne har su gagari guduma. Ƙananan bulo huɗu na bakin gido, a matse su kaɗan-kaɗan, ɗaya da na ƙetarensa, har giɓin sama da na ƙasa su yi daidai; ba bulon mota ba ne da za a hau da ƙarfin kafaɗa. Sannan mutum ya tsaya gaban keke, ya matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa gido dama da hagu. In ya juya, a sake ɗauri. Kile mai kusurwa shida, lamba 4 da 5 da 6, su shiga aljihun matafiyi, kuma bayan wunin farko na tafiya ya sake bin kowane bulo.