Ƙananan hukumomin arewacin Kano na buƙatar tsarin shekara goma

Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, da wuya ka ga gonar da aka bari ta huta ko da damina ɗaya. Gona tana manne da gona, iyakarsu layin gamba ko na lalle. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda take ciyar da ɗimbin jama'a ba tare da ƙasar ta mutu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jaki ya kai itace birni, ya dawo da mangala cike da toka da shara. A ɗaure awaki da damina, a tara takinsu, a ajiye musu harawa a kan bishiya. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaye, ba mai sare su da gangan.

Wanda ya bar ɗorawa ta girma a gonarsa ya yi lissafin 'ya'yansa da jikokinsa. Irin wannan lissafi ne ba ma gani a sakatariyoyin ƙananan hukumomin yankin.

Wa'adin shugaban ƙaramar hukuma a Kano shekara uku ne. Kasafin kuɗi kuwa na shekara ɗaya ne, albashi ya cinye mafi yawansa. Abin da ya rage sai a yayyafa: rijiyar burtsatse a nan, kwalbati a can, aji biyu a mazaɓar da ta fi ƙorafi. In sabon shugaba ya hau, ya fara nasa. Su kuwa matsalolin ba ruwansu da wa'adi. Duk rabon gado gona ƙara tsukewa take yi, har wanda kakansa ya riƙe gandu ya wayi gari da 'yan kunyoyi. A gefen birni dillalai suna yanka gonaki fuloti-fuloti. Burtali ya zama gona, shi ya sa kowace kaka ake zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi.

Kada wani ya ce wannan ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora mata alhakin shiga cikin tsara tattalin arziki da raya yankinta. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ta ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, na noma da na kiwo. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, kuma muna tare da masu neman a cika hukuncin. Sai dai kuɗi in ya iso hannun wanda bai san inda ya dosa ba, a kwangila zai ƙare.

Muna kira ga kowace ƙaramar hukuma ta yankin ta rubuta tsarin shekara goma, ta fara shi daga ƙasa da ruwa. A zana inda za a bar wa noma, inda gari zai faɗaɗa, inda burtali da mashaya suke, a kafa musu alama. Dagaci da mai unguwa sun san tarihin kowace iyaka. Arɗo ya san hanyar shanu ta asali. Manoman rani na madatsar Watari a Bagwai da ta Thomas a Ɗambatta sun san magudanar da yashi ya toshe. Malaman gona na hukumar KNARDA da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako suna kusa, haka 'yan kasuwar Dawanau, waɗanda suka san abin da ake nema a kasuwannin ƙetare. Shirye-shirye irin ACReSAL na Bankin Duniya su zo su tarar da tsari a ƙasa, su bi shi.

Yadda za a yi zaman ma abin kula ne. An taɓa gwada irin wannan a zamanin Obasanjo da sunan LEEDS, amma bai shiga bakin talaka ba, bare ya tambayi inda aka kwana. A wannan karon a zauna mazaɓa-mazaɓa, da Hausa, bayan an kai amfanin gona gida kuma kafin matasa su tafi cirani, domin in aka bari sai tsakiyar rani, rabin masu ƙarfin garin suna Legas ko Abuja. Mata masu matsar man gyaɗa da masu daddawa, waɗanda da yawansu ba sa zuwa ƙofar fada, a yi musu nasu zaman, mata su jagoranta. Abin da aka amince a kai a liƙa shi a sakatariya, a karanta shi a rediyo, kuma duk shekara shugaba ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da aka yi da wanda aka kasa.

Majalisar Dokokin Jihar Kano ce ke da ikon yi wa ƙananan hukumomi 44 doka. Muna roƙonta ta wajabta wannan tsari, ta kuma hana amincewa da duk kasafin da bai dace da shi ba, ko wace jam'iyya ce ke kan kujera.