Mun Ajiye Wa Bature Kayansa, Namu Mun Bar Wa Gara

A watan Oktoba na shekarar 2013 gidan BBC ya yi wa masu kallonsa albishir: an gano kashi 9 na tsohon shirin talabijin ɗinsu mai suna Doctor Who, waɗanda aka shafe fiye da shekara 40 ana zaton sun salwanta har abada. A ina aka same su? A Jos. Gwangwanayen fim ne a jere kan kanta, sun sha ƙura, a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya mai da farautar tsofaffin finafinai sana'a, shi ya bi sawu ƙasa-ƙasa har ya kai gare su. Kashi 4 daga cikin 9 ɗin aikin wani darakta ne ɗan Ingila, Douglas Camfield.

Da wuya mai karatu ya taɓa jin sunan nan, kuma ba abin kunya ba ne. Ko a ƙasarsu Camfield ba ya cikin manyan da ake koyar da aikinsu a jami'a. Ma'aikacin talabijin ne kawai wanda ya iya aikinsa. An haife shi a 1931, ya taɓa aikin soja, ya shiga BBC a 1955 yana koyon haɗa fim, ya yi ta hawa matakala har ya zama darakta. Abokan aikinsa sun shaide shi da tsari irin na bariki: kowane ɗauka a kan lokacinsa, kowa ya san inda zai tsaya. Labarin da aka samu a Jos, The Web of Fear, a 1968 ya shirya shi, kuma ya sa an gina ramukan jirgin ƙasan ƙarƙashin Landan a cikin ɗakin ɗauka har mai kallo ya rantse na gaske ne. Ya yi aiki a shirin 'yan sanda na The Sweeney, ya shirya Ivanhoe a 1982, ciwon zuciya ya yi ajalinsa a watan Janairun 1984 yana da shekara 52. Akwai littafi sukutum a kan rayuwarsa.

Duk wannan bayani, muna zaune a kan benci a Unguwar Shanu, da wayar hannu da data ta ɗan kuɗi kaɗan, za mu tattara shi kafin mai shayi ya gama soya ƙwai. Kowane shiri da mutumin nan ya taɓa sa hannu a kai yana rubuce: ranar da aka ɗauka, ranar da aka nuna, waɗanda suka fito a ciki.

To, a wannan majalisa tamu ta Unguwar Shanu muka yi wani ɗan gwaji wata rana bayan isha'i. Akwai malamin makaranta, akwai tela, akwai masu digiri, akwai mu 'yan rubuta manhajar kwamfuta. Aka tambaya: wa ya rubuta littafin Shaihu Umar? Kowa ya amsa, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aka ce to, wa ya shirya fim ɗinsa? Shiru kamar an aiki Bawa garinsu. Rabin majalisar ma ba su san an taɓa yin fim ɗin ba.

Sunansa Adamu Halilu. An haife shi a Garkida ta ƙasar Adamawa a 1936, shekara biyar kacal bayan Camfield, kuma shi ma a Landan ya koyi aikin fim. Ya yi aiki da sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin da motar majigi ke shiga ƙauyuka da dare ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. A 1963 ya shirya Mama Learns a Lesson, fim na wayar da kai a kan lafiyar mata. A 1976 ya shirya Shaihu Umar da harshen Hausa, fim na fiye da awa biyu, da Umaru Ladan a matsayin Shaihun, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977, bikin nan da aka yi Hawan Dabarsa a nan Kaduna. Bayansa ya yi Kanta of Kebbi. Ya shugabanci Hukumar Finafinai ta Najeriya mai hedikwata a Jos. Ya rasu a 2001. Allah ya jiƙansa da rahama.

Wannan mutum ya ɗauki labarin bauta da fataucin bayi ta hamada, da uwa mai neman ɗanta, ya sa shi a majigi da harshenmu tun ba a haifi yawancinmu ba. Sai fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru da dama, har aka fidda rai da shi. A 2016 mutanen wata ƙungiyar masu kishin fim ta Legas, ƙarƙashin Didi Cheeka, suka ci karo da gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato 'yan Legas suka tono, Jamusawa suka wanke, Turawa suka zauna a silima suna kallon Shaihu Umar da fassara a ƙasan allo. Mu masu harshen da ba ma buƙatar fassara, mu nawa muka gan shi?

Da an taɓo wannan magana sai a ce ai Turawa sun fi mu tsari, gwamnatinsu ta san darajar tarihi. Wannan uzuri ne mai daɗin faɗa, amma labarin Jos da kansa ya ƙaryata shi. Me ya sa BBC ta rasa shirye-shiryenta tun farko? Ita da hannunta ta goge su. Kaset ɗin ɗauka yana da tsada a wancan zamani, sai a shafe tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Kwafin fim da aka yi don sayar wa ƙasashen waje kuwa, da kwantiragi ya ƙare sai a lalata. Sun ci gaba da haka har zuwa 1978. Ko bayan abin da aka samu a Jos, kashi 97 na wannan shiri guda ɗaya suka rage ba a san inda suke ba. Hukumarsu ta yi sakaci irin wanda muka sani sarai.

Abin da ya cece su masu kallo ne. Yara da samari a gidajen iyayensu sun riƙa kara rikoda a jikin talabijin suna ɗaukar sauti, shi ya sa duk kashin da hotonsa ya ɓace, muryarsa tana nan. Da suka girma suka zauna suka jera: ga abin da aka yi, ga wanda ya shirya, ga abin da ke hannu, ga abin da babu, ga ƙasashen da aka taɓa sayar wa. Takardun cinikin nan da aka bi diddigi su suka nuna hanyar Najeriya. Mai neman akuyar da ta ɓace dole ya san yawan garkensa. Su sun ƙirga nasu. Mu ba mu taɓa ƙirgawa ba, shi ya sa ko girman asararmu ba mu sani ba.

Kaduna ba baƙuwar talabijin ba ce. Tun 1962 aka buɗe RKTV a garin nan, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila na Granada da EMI, kafin NTA ta haɗe tashoshin ƙasa a 1977. A nan iyayenmu suka yi dariyar Samanja Mazan Fama, a nan suka san Ƙasimu Yero. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. Muka cika Facebook da hotunansu da addu'o'i, kwana uku muka wuce. Waɗanda suka tsaya a bayan kyamara suna cewa a fara, a tsaya, a sake, su wa suke? Wa ya rubuta, wa ya haɗa, kashi nawa aka yi, a wace shekara? Dattawan da ke riƙe da amsoshin nan suna nan a Unguwar Rimi da Kawo da Tudun Wada, kullum suna raguwa. Idan muka ce za mu jira wani Bajamushe ya zo ya yi hira da su, zai tarar da kabari.

Kada matasa su ɗauka laifin na mutanen da ne. Namu ya fi muni, domin mu muna da kayan aikin da su ba su samu ba. Masana'antar Kannywood ta fara da Turmin Danya a 1990, ba ta kai shekara 40 ba, amma je ka nemi cikakken kwafin finafinan shekarunta goma na farko ka sha mamaki. Je shagon tura fim a unguwa ka duba yadda ake sa wa fayil suna: sunan jarumi, sai "sabon fim", sai lamba. An yanke farko an yanke ƙarshe don fim ya shiga katin memori, kuma daidai wuraren da aka yanke nan ne sunayen darakta da marubuci da mai ɗaukar hoto suke. A YouTube za ka ga fim guda da suna uku a tashoshi uku, babu shekara, babu sunan mai shi. Mun saba kiran fim da sunan wanda ya fito a ciki, kamar a yaba wa gini a ce na mai fenti ne.

Mu da muke cin abinci da kwamfuta mun san wani abu da ya kamata kowa ya sani: abin da ke waya bai tsira ba. Kaset na bidiyo yana lalacewa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafi da laimar damina irin ta Kaduna suna gaggauta masa, fumfuna ta gama da sauran. Kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, Funai na Japan, ya daina a 2016, don haka ko kaset ya rayu, injin karanta shi yana mutuwa. Faifan CD yana ɓarewa. Katin memori yana mutuwa ba sallama. Tashar YouTube kuwa gidan haya ce, ranar da mai gida ya ga dama ya rufe ƙofa. Ƙa'idar da muke bi a wurin aiki ita ce kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Mukan yi wa bayanan cinikin kamfani wannan gata, mu bar muryoyin iyayenmu a kwali ƙarƙashin gado.

Wani zai ce ana fama da tsadar masara, wa ke ta tsohon fim? Gaskiya ne ana cikin matsi. Sai dai datar da muke ƙonawa a mako guda muna kallon faɗan 'yan TikTok ta isa a rubuta tarihin darakta goma. Wani kuma zai ce fim shiririta ne, ɓatansa ba asara ba ce. Ko wanda ba ya kallon fim ya kamata ya damu, domin a cikin gwangwanayen nan akwai yadda aka yi Hausa shekara 50 da suka wuce, da yadda aka naɗa rawani, da yadda kasuwa take, da fuskokin garuruwan da aka rushe aka sake ginawa. Muna da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a cikin garin nan, kuma babu wanda ya ce takardun da ke ciki shiririta ne don wasunsu rasit ne na haraji. Na uku zai ce aikin gwamnati ne. E, akwai na gwamnati, kuma mu ci gaba da matsa mata ta fito da abin da ke ɗakunan ajiyarta, ta kawo Shaihu Umar a haska shi a Kaduna da Kano da Bauchi. Amma gwamnati ba ta san abin da ke cikin akwatin kakarka ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin mai waya ba. Idan akwai tsohon ma'aikacin talabijin ko ɗan wasan daɓe a layinku, ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku kunna rikoda, ku tambaye shi sunaye da shekaru. Idan akwai kaset a gida, kada a zubar, a raba shi da laima, a ɗauki hoton kwalinsa gaba da baya. Idan za ka ɗora fim ko tura shi, ka bar sunayen ma'aikata, ka rubuta darakta da shekara a jikin fayil. Abin da ka tabbatar, ka shigar da shi Wikipedia ta Hausa, inda ɗan Maradi da ɗan Kumasi za su same shi. Mu kuma 'yan manhaja, da muke ta ƙirƙirar abin sayar da kati da odar abinci, babu abin da ya hana mu gina rumbun bayanai guda ɗaya na finafinan Hausa: suna, shekara, darakta, yana nan ko ya ɓace, a hannun wa. Aikin 'yan makonni ne ga wanda ya iya. Mun fi kowa laifi da ba mu yi ba tuntuni.

Kashi na uku na labarin Camfield bai dawo tare da 'yan uwansa daga Jos ba, kuma magoya bayan shirin ba su daina cigiyarsa ba, domin sun san lambarsa, sun san ranar da aka nuna shi. Cigiya sai da kamanni. Mu fara da rubuta sunan Adamu Halilu da jerin ayyukansa, sa'an nan mu koma kan benci mu tambayi dattawa: bayan shi, sai wa?